Gudu mai tsanani: waje ko injin jim, ina rai ya fi sakewa?

Ɗan Ƙofar Mata:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Akwai abin da ya kwana biyu yana damuna nace bari in kawo shi nan ko akwai wanda ya taɓa jin irinsa. Shekarata uku ina fita gudu bayan sallar asuba, Talata da Alhamis kuma ina yin mai zafin, mita 400 sau takwas ina huta minti ɗaya da rabi a tsakani. Toh da hazon nan ya sauko ƙirjina ya fara kamawa da tari, sai na biya kuɗin wata a wani jim, wato gidan motsa jiki, na koma kan injin gudu. Sauri ɗaya, adadi ɗaya, agogona ma kusan bugun zuciya ɗaya yake nuna min, amma wallahi abin da nake ji a raina ba ɗaya bane. A fili in na gama na takwas ina haki kamar zan faɗi amma zuciyata fes, ina tafe gida ina gaisawa da kowa har mai kosai. A kan injin nan kuwa tun a na huɗu nake jin wani ƙunci, in tsani wajen, in tsani kiɗan da suke sakawa, ranar Alhamis da na koma gida ƙanwata magana kawai ta yi min na hau ta da faɗa babu gaira babu dalili, abin ya tsaya min a rai har yanzu. Shin ni kaɗai ne ko akwai dalili?

Kocin Filato:
Wa alaikumus salam ɗana. Ba kai kaɗai bane. Ni shekara da shekaru ina tare da yara masu gudu nan Jos da wajen Pankshin, ban taɓa ganin yaron da ya sauko daga inji yana dariya ba, amma a kan tudu sai ka ga yaro ya kusa amai don wahala, minti biyar ya miƙe yana tsokanar ɗan uwansa. Ƙafa an yi ta ne don ƙasa. Ku duba mutanen Kenya mana, Kipchoge da duk duniya ta sani a Kaptagat yake atisaye, hanyar jar ƙasa cikin daji, sama da mita 2,000 daga teku, ba kuɗin sayen inji ya rasa ba. Ranar da ya yi gudun fanfalaki a awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Biyana a 2019 ma cikin lambu aka yi, bishiyoyi hagu da dama mutane na ihu. Ka koma waje kawai.

Maman Biyu:
Baba Koci da girmanka amma ni kam ban yarda da "koma waje kawai" ba. Wajen naku maza ne. Ni a Kaduna nake, na gwada fita da safe wata biyu cur, da dogon hijabi da wando har ƙasa, amma ido kamar zai cinye ki, wani ya rage tafiyar mashin ya bi ki a hankali yana magana, wata tsohuwa ta taɓa tsayar dani tana tambaya ko lafiya wa ya biyo ni. Ta ya rai zai sake a haka? Duk gudun ina tunanin wa ke bayana ne. Ranar da na samu jim mai lokacin mata zalla ranar na san daɗin gudu, na cire hijabi na ƙure injin na yi gumi son raina, na sauko kamar an sauke min dutse daga ƙirji. Abin da Ɗan Ƙofar Mata yake samu a fili ni a cikin ɗaki nake samunsa.

Kocin Filato:
Gaskiyarki ne 'yata, na yi magana da bakin namiji. 'Yan matan da nake koyarwa a ƙungiya suke fita kuma nan garin an saba gani, ban lissafa da wadda take ita kaɗai ba.

Ɗalibin Samaru:
Salam. Wannan fannin na karanta don haka bari in ɗan tsawaita, ku yi haƙuri. Akwai wani malami ɗan asalin Girka da a baya ya daɗe yana koyarwa a jami'ar jihar Ayowa ta Amurka, Panteleimon Ekkekakis, aikinsa kenan, yadda mutum ke ji a ransa yana tsakiyar motsa jiki. Suna da wani ma'auni daga -5 zuwa +5, ana tambayarka kana cikin gudu, yanzu ya kake ji, daɗi ko rashin daɗi. Abin da aka yi ta gani shine in gudun sassarfa ne wanda kana iya hira, yawancin mutane suna gefen daɗi, kuma a nan ne tunaninka da abin da idonka ke gani da wanda ke kusa da kai suke da tasiri sosai. Amma akwai wata gaɓa, inda numfashi ke ƙwacewa har ba ka iya haɗa jimla guda, daga nan kusan kowa lambarsa ƙasa take yi, saboda saƙon da ke fitowa daga huhu da cinya da zuciya ya fi ƙarfin duk wani abu da ke waje. Ana tsayawa kuma sai lambar ta yi tsalle ta koma sama, shine wannan sanyin da kake ji bayan ka gama.

Toh abin da nake so in ce, Yaya Ɗan Ƙofar Mata, a tsakiyar mita 400 na bakwai inaga ko a Aljannar duniya aka ajiye ka ba za ka ga bishiya ba. Yawancin binciken da ake yaɗawa cewa waje ya fi, a kan tafiya ne da gudu mai sauƙi. Misali na jami'ar Eses ta Ingila a 2010, Barton da Pretty, sun ce ko minti biyar na motsa jiki a wuri mai tsirrai yana gyara yanayin rai, in da ruwa a kusa ya fi. Na jami'ar Sitanfod ta Amurka a 2015 kuma tafiyar minti 90 ce aka ga ta rage saƙe-saƙen zuci ga waɗanda suka bi ta cikin ciyayi ba waɗanda suka bi gefen babban titi ba. Duk ba gudun da ke fitar da rai bane.

Ɗan Ƙofar Mata:
Malam na gode amma ka ƙara rikita ni. In haka ne ai ya kamata in ji iri ɗaya a wuraren biyu tunda duka mai zafin nake yi. Ni kuma ba ƙarya nake ba wlh.

Ɗalibin Samaru:
A'a Yaya ban ce ƙarya kake ba. Lissafa da kyau, takwas ɗin nan in kowanne minti ɗaya da rabi ne, minti 12 kenan kacal kake cikin wuta. Sauran fa? ɗumama jiki, hutun tsakani, hucewa a ƙarshe, hanyar komawa gida, sun fi rabin awa. A nan ne waje yake cin riba. A fili in ka tsaya hutu iska ta buge ka, ka ɗaga kai ka ga gari na wayewa, wani ya ce maka sannu. A jim in ka tsaya bango kake kallo da lambobi suna ƙirga maka saura daƙiƙa nawa a sake. Kuma ko cikin gudun ma akwai wani tsohon gwaji na 1980, Pennebaker da Lightner, suka sa mutane gudu nisa ɗaya a hanyar daji da kuma zagaye fili, a hanyar daji sun fi sauri amma gajiyar da suka ce sun ji ba ta fi ba, don hankalinsu ya rabu, wani na kan hanya ba duka a kan haki ba. Inji kuwa ba abin da zai ɗauke maka hankali, kai da numfashinka ne kawai.

Anti Nas:
Duk kun bar babban abu a baya, zafi. Ƙanina jim ɗin naku akwai fanka a gabanka? In kana gudu a waje kai da kanka kake yi wa kanka iska, gumi na bushewa jiki na hucewa. A kan inji a wuri ɗaya kake, iskar da ke kewaye da kai ita ce dai tana ɗumama, gumi na zuba ƙasa ba ya bushewa, wanda ya zuba ƙasa kuwa bai sanyaya komai ba. Jiki in ya ɗau zafi zuciya na ƙara aiki don tura jini fata, kuma mutum na yin saurin fushi, wannan ko a asibiti muna gani, ɗakin da ba iska majinyata da masu jinya kowa a wuya yake. Balle a ce an ɗauke wuta janareto na jan injuna kawai an kashe esi, mutum goma a ɗaki ɗaya kowa na fitar da tururi.

Kuma kar a ɗauka waje kullum lafiya ne. A gasar duniya ta Doha a 2019 tsakar dare aka yi gudun fanfalaki na mata don gudun rana, duk da haka cikin 68 da suka tashi 28 basu ƙarasa ba saboda zafi da laima, ƙwararru fa. Mu nan watan Afrilu rana na haura 40, wanda ya fita gudu mai tsanani ƙarfe goma na safe ba nishaɗi zai samo ba. Shi kuma hazon da ya kore ka, ka yi daidai da ka guje shi, ƙurar nan tun daga Bodele a Chadi iska ke kwaso ta, mai laushi ce tana shiga can cikin huhu, kuma mai gudu da baki yake shaƙa ninkin ba ninkin na mai zaune. In tarin bai tsaya ba ko kana jin fito a ƙirji don Allah ka je a duba ka.

Ɗan Ƙofar Mata:
Anti kamar kina wajen. Fanka ɗaya ce a sama can tsakiyar ɗaki, injin da nake hawa yana lungu. Rigata har matse ta nake yi.

Ɗan Yamai:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan Yamai da marece in ka je wajen sitad Seyni Kunce, filin wasanmu, za ka ga jama'a maza da mata suna zagayawa, wasu kuma bakin kogin Isa suke bi wajen gadar Kenedi. Ni abin da na lura, ranar da na bi bakin ruwa ko na sha wuya ina komowa da hankali kwance, barci ma ya fi daɗi. Amma lokacin zafi na watan huɗu da na biyar ba na wasa da kaina, sai bayan magariba ko in bari. Na taɓa shiga sal na motsa jiki wata guda, kuran, wato wutar lantarki, ya yanke ina tsakiyar gudu tapi, injin gudun, ya tsaya tsak na kusa kifawa, tun daga ranar kullum na hau da tsoro nake, to mai tsoro ina ya ga jin daɗi.

Baƙon Ingila:
Ni labarina daban ne. Da na zo karatu arewacin Ingila, watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi, safe kuma sai bayan takwas gari ke wayewa, ruwa kullum. Na shige jim na makaranta wata uku ban fita ba, injuna masu kyau, ga talabijin a gabanka ga iska mai sanyi, ba zafin da Anti ke magana, amma duk da haka wani irin nauyi ya sauko min, ba na son magana da kowa, ko kiran gida sai in ƙi ɗagawa. Wani abokina ɗan Sudan ne ya ja ni dole ranar Asabar zuwa gudun kilomita 5 da suke yi kyauta a lambuna ƙarfe tara na safe, parkrun suke ce masa. Sanyi kamar zai cire kunne, taɓo har gwiwa, na ƙure kaina har ina ganin duhu-duhu a ƙarshe, amma wallahi ranar na kira Hajiyarmu muka yi awa guda muna hira. Ni a ganina hasken rana ne da mutane. Hasken da ke waje ko da hadari ya ninka na ƙwan lantarki nesa ba kusa ba, kuma shi ke saita wa jiki lokacin barci da farkawa. Mu a gida rana ta yi mana yawa har ba mu san ni'ima bace.

Maman Biyu:
Allah sarki, Allah ya ƙara lafiya. Amma ka ga kai ma da ka samu wajen da ba mai kallonka ne. Ni da zan samu fili mai katanga da bishiyoyi a ce yau na mata ne, ai da gudu zan bar injin.

Baƙon Ingila:
Haka ne Hajiya, nan ba wanda ya damu da kai, da masu hijabi da tsofaffi 'yan saba'in duk tare muke tashi.

Tsohon Soja:
Ni ban yi karatun su Malam na Samaru ba amma na yi gudu da kaya a baya. Abin da na sani, gudun da za ka yi kai kaɗai ka ji kamar mutuwa, in kuna talatin ƙafa na sauka tare ana waƙa ana amsawa sai ka ga an ci kilomita goma baka sani ba. Ba daji bane ba ɗaki bane, jama'a ce. Yaro a fili kai kaɗai kake yi ko da abokai?

Ɗan Ƙofar Mata:
Mu huɗu ne Baba, wani lokacin biyar. A jim ni kaɗai. Kai, ban ma kawo wannan a lissafi ba sam.

Kocin Filato:
Toh ka gani. Amma ni har yanzu akwai abin da ke tsakanina da injin nan wanda ba a faɗa ba. A fili kai ke da ƙafarka, in ka ji nauyi a mita 200 kana ɗan sassautawa kaɗan ko kai baka sani ba, in ka hango layi ka ƙara. Inji bai san wannan ba, lambar da ka danna ita zai yi ta ja, ko ka bi ko ya watso ka. Mutum kuma ba ya son a tilasta masa. Kun san asalin abin ma? A gidajen yarin Ingila aka fara shi, wani injiniya William Cubitt ya ƙera a 1818, fursunoni ke takawa awa da awanni don horo, wani wajen a niƙa hatsi ko a jawo ruwa da shi.

Ɗalibin Samaru:
Baba Koci maganar tilas ɗin nan tana da tushe, an gwada an ga in mutum ya zaɓi saurinsa da kansa ya fi jin daɗi a kan a ɗora masa, ko da saurin kusan ɗaya ne. Kuma ido na ruɗin mutum a kan inji, tunda ba abin da ke wucewa ta gefenka sai ka ji kamar saurin ya fi yadda yake. Amma tarihin gidan yari kam bai hana inji amfani ba. Ingrid Kristiansen 'yar Nowe a kan inji take yawan atisaye lokacin ƙanƙara, kuma ta kafa tarihin duniya na gudun fanfalaki a Landan a 1985 da awa 2 da minti 21 da daƙiƙa 6. Christine Clark likita ce a Alaska, ita ma a kan inji ta yi yawancin shirinta ta zo ta cinye gasar zaɓen 'yan gudun fanfalakin Olamfik na Amurka a 2000. Don haka ƙafa tana samun abin da take nema a ɗaki, rai ne dai sai an yi masa dabara.

Wani abu kuma Yaya, in ka ji ana cewa a ɗaga gaban injin ya yi tudu kashi 1 cikin ɗari, daga binciken Jones da Doust ne na 1996, don a rama iskar da babu ita a ɗaki. In ka ɗaga shi ya wuce haka kana kuma neman saurin fili, toh aikin da kake yi ya fi na fili, dole ka ji jiki.

Ɗan Ƙofar Mata:
A 3 nake sa shi fa! Wani a wajen ne yace min haka ake yi.

Anti Nas:
Inna lillahi. Lungu ba iska, tudu kashi 3, kai kaɗai, ga tari. Ƙanina ai dole ka koma gida da faɗa. Ka ba ƙanwarka haƙuri dai.

Maman Biyu:
Bari in faɗa maka yadda nake yi ko zai yi maka amfani. Ina rufe lambobin da tawul in bar agogon hannu ya yi min ƙara in lokaci ya cika, don kallon daƙiƙa na tafiya shi ke sa minti ɗaya ya zama shekara. Ina zaɓar injin da ke kusa da taga. Na sayi 'yar fanka mai caji ina ɗorawa a gabana. Kunne kuma ina sa abin da ni na zaɓa, wani lokacin karatu wani lokacin waƙa, ba abin da suka ƙure a lasifika ba. Kuma ni da ƙawata muke zuwa, tana na kusa dani, ko ba ma magana in na ji ƙafarta na sauka sai in ji ƙarfi. In na gama ba na shiga adaidaita nan take, sai na ɗan zauna a harabar wajen ƙarƙashin wata dalbejiya na sha ruwa minti goma.

Tsohon Soja:
Wannan 'yar ta fi mu duka dabara.

Ɗan Ƙofar Mata:
Salam, na dawo da rahoto bayan sati ɗaya. Na fara da ba ƙanwata haƙuri Anti, ta ce ita har ta manta amma na ga ta ji daɗi. Talata na sauke injin zuwa 1, na roƙi a canza min zuwa na bakin ƙofa, na rufe lambobi da riga, na ja abokina ɗaya ya biya kuɗin rana muka yi tare. Na yi abin da Malam na Samaru ya faɗa, bayan kowane zagaye ina ba kaina maki daga -5 zuwa +5. A na shida da na bakwai -3 na ba kaina. Alhamis hazo ya ɗan ɗaga muka fita fili, abin mamaki a na shida da na bakwai nan ma -3 ɗin ne, wuyar dai ita ce wuyar. Bambancin a hutu ne da bayan an gama, a jim minti goma da gamawa ina +2, a fili ina +4, kuma a fili tun kafin in isa gida nake ɗokin Talata ta zo. Ƙuncin nan dai bai dawo ba ko a jim ɗin. Tarin ya ragu amma da daddare yana ɗan tasowa, gobe in sha Allah zan je a duba.

Ɗalibin Samaru:
Madalla Yaya. Ka ci gaba da rubutawa ko sati huɗu ne, kwana biyu kaɗai bai isa a yanke hukunci ba, ka riƙa sa har da awa nawa ka yi barci da ko ka karya kafin ka fita.

Maman Biyu:
Baba Koci tunda kana da 'yan mata a ƙungiyarka, don Allah ya kuka fara? Mu shida ne yanzu a unguwarmu masu so, akwai wata makarantar 'yan mata kusa damu mai babban fili da katanga, muna tunanin mu je mu roƙi shugabar ta bar mu Asabar da Lahadi bayan asuba kafin rana ta fito.

Kocin Filato:
Ku je ku shidan tare 'yata, kar ki je ke kaɗai, ku tafi da takarda a rubuce da sunayenku da lokacin shiga da na fita, in da wata babbar mace da ake jin maganarta a unguwa ku sa ta gaba. Ku fara zagaya filin da ƙafa ku tsince duwatsu da ƙaya ku duba ramuka. Sati biyun farko sassarfa kawai, kar wadda ta taɓa mai zafi sai ƙafa ta saba da ƙasa, don wadda ta saba da inji sharaɓarta da idon sawunta za su yi ciwo da farko. In an ba ku izini ki sanar dani in rubuto miki tsarin sati shida.